Get da mai gadi, ko maƙwabta? Gardamar gidanmu kan inda Nura zai kama haya a Gombe

Nura: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Takardar kama aiki ta fito, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, farkon wata mai zuwa zan fara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gida. Ni da Hauwa da yara biyu ne, kuma aikin akwai kwana, wani makon dare uku ba na gida. Dillali ya turo hotunan gidaje biyu. Ɗaya a sabbin gine-ginen bayan Tumfure, doguwar katanga, get, ya ce akwai mai gadi a bakin layin. Ɗayan a cikin gari wajen Tudun Wada, tsohon gini ne, jama'a ta ko'ina. Kuɗin hayar kusan ɗaya. Ni Gombe wucewa kawai nake yi. Wanne zan iya barin iyali a ciki in tafi aiki hankalina kwance?

Hamma Usman: Allah ya sanya alheri, Nura. Wannan ba ta buƙatar dogon tunani. Bayan gari ya fi cikin gari tsaro, a Gombe ko a ko'ina. Kai da ka tashi a Bauchi ka san 'yan daban Sara-Suka, to nan Gombe sunansu Kalare, kuma tun wajen zaɓen 2003 ake fama da su. Ba don wasa gwamnati ta kafa rundunar tsaro ta Operation Hattara ba. Yaron da zai tare ka da wuƙa ya karɓi waya, a lungu yake ɓacewa, inda cunkoso yake. A sabuwar unguwa layi a miƙe yake, baƙo ana hango shi tun daga nesa. Ka kama na Tumfure.

Adda Zainab: Hamma, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Wa zai hango baƙon? Shekara biyu na yi a irin gidan da kake yabo. Hagu da mu kango, dama da mu kango, bayanmu fili an zagaye an tafi. Ƙarfe goma sha ɗaya na rana aka shiga mana, muna wurin aiki. Sun ɓalle ƙofar kicin, sun ɗauki talabijin da batiran sola da keken ɗinkina, sun fita ta get ɗin da muke taƙama da shi. Katangar da muka ɗauka tana kare mu ita ta rufa musu asiri. Babu wanda ya ji, domin babu kowa. Mai gadin layin da dare yake zuwa, kuma a lokacin wata uku ba a haɗa masa kuɗinsa ba, saboda rabin masu gidajen ba sa zaune a ciki.

Hamma Usman: Allah ya mayar da alheri, amma kaya aka ɗauka, Zainab. Kaya ana sayen wani. A cikin gari jiki ake taɓawa. Sannan ki duba yaran. Babban ɗan Nura shekararsa shida, nan da shekara biyar da wa zai yi ƙwallo a ƙofar gida? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Adda Zainab: Kana magana kamar cikin garin Gombe duka lungu ɗaya ne. Tudun Wada kanta ba ɗaya ba ce. Akwai layukan da ke kusa da Jami'ar Jihar Gombe inda malamai da ma'aikata suka cika, akwai kuma inda ni ma ba zan bi bayan isha'i ba. Haka Pantami, haka Bolari, haka Jekadafari. Mutanen kirki ne suka fi yawa a duk waɗannan unguwanni, a nan aka haifi rabin manyan garin. Ba a yi wa unguwa kuɗin goro. Layi ake dubawa.

Goggo Asabe: Ni dai abu ɗaya zan faɗa, Nura. Ranar da kake asibiti ƙarfe biyu na dare zazzaɓi ya rufe ƙaramar, wa Hauwa za ta buga wa ƙofa? Ka amsa wannan kafin ka biya ko sisi. Malamai suna cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida.

Baffa Sale: Na karanta duka. Kowa yana maganar ɓarawo, ba wanda ya ambaci ruwa, alhali a Gombe ruwa ya raba mutane da gidajensu fiye da yadda kuke tsammani. Nura, in ka taso daga Bauchi, ka wuce filin jirgi na Lawanti, ka iso Tumfure, za ka ga hanya ta fara gangarawa. Garin a cikin kwari yake zaune. Duk ruwan da ya sauka a tudu cikin gari yake nufa, ƙasar kuma rairayi ce, ba ta da riƙo. Shi ya sa kwaruruka suka tsattsaga garin. Da ka ga wanda ya bi ta bayan jami'a zuwa Malam Inna da Kagarawal kafin a gina shi, ko na wajen kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, da aka yi wa aiki daga baya. Na ga ɗakin da aka kwana da shi a tsaye aka wayi gari rabinsa yana ƙasan kwari.

Yanzu rani ne, kowane gida lafiya lau yake a hoto. Dillali ba zai ce maka ruwa yana shiga ba, la'adarsa yake nema. Kai za ka duba da idonka. Dubi jikin katanga daga ƙasa, in ka ga layin laka ko sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa, ruwa ya taɓa kwana a wurin. Dubi dokin ƙofar maƙwabta, in duk sun ɗaga shi da bulo biyu ko sun jera buhunan yashi, ka san dalili. Dubi magudana, a buɗe take ko shara ta cike ta. Ka taka da ƙafarka har bayan layin ka ga ko akwai kwari, ka ƙirga taku nawa ne tsakaninsa da gidan. Watan Agusta ba ya tausayin baƙo.

Hamma Usman: To Baffa ai ka goyi bayana ke nan. Tudu ya fi.

Baffa Sale: Ban gama ba, Usman. Tudun ma da nasa. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, kusan kilomita 40 ta gabas, sai ya ratsa gari kafin ya hau yamma. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 garin ke faɗaɗa, gini yana riga bututu zuwa. Tumfure ma a ƙaramar hukumar Akko take, gari ne ya tarar da ita. Ga shi a wannan tudun ruwan ƙasa yana da nisa, ba kowa ke iya haƙa burtsatse ba. Sai ka ga gida mai kyau amma tanka ake saya. Wannan ma maganar tsaro ce. Matar da mijinta ba ya nan, tana buɗe get kullum ga mai kawo ruwan da ba ta sani ba, yau wannan gobe wancan, kowa ya san lokacin da maigidan ke fita.

Kawu Bello: Ni a Tumfure nake shekara tara, bari in faɗi abin da na sani. Lokacin da na tare, gidaje huɗu ne a layinmu, kuma abin da Zainab ta faɗa gaskiya ne, har fanka an cire mana a masallaci. Yau layin ya cika. Muna da 'yan sintiri da muke biya duk wata, muna da lambar juna, akwai mai shago a kwana da ba ya rufewa sai sha ɗaya, kuma ya san ɗan kowa. Yanzu ba zan musanya shi da ko'ina ba. Amma abin da ya gyara mana zama ba katanga ba ce, tun farko muna da katanga. Mutane ne suka zo. In gidan da aka nuna wa Nura yana inda muke a da, ban ba shi shawara ba. In yana inda muke a yau, ya kama da hannu biyu. Nura, turo mini kwatancen wurin.

Nura: Kawu, ya ce bayan an bar kwalta ana tafiya kamar minti goma a mashin.

Kawu Bello: To can ciki ne. Ka tambaye shi ko Keke Napep na shiga da damina, da kuma ƙarfe nawa 'yan acaɓa ke daina zuwa. Kai mai fita aikin dare ne, ba ka da mota tukuna.

Hamma Usman: Duk da haka ina nan a kan bakana. Matsalar bayan gari kowace shekara raguwa take yi, ana gini, ana tarewa, Kawu ma shaida ne. Ta cikin gari kuwa ta daɗe ba ta tafi ba. In ni ne, gara in sha wahalar ruwa shekara biyu da in yi ta fargabar abin da yaro zai gani a ƙofar gida.

Adda Zainab: Wahalar shekara biyun nan ba kai za ka sha ba, Hamma, ba kuma Nura ba. Hauwa ce. Tana cikinmu, ba wanda ya tambaye ta.

Hauwa: Ina gaida iyaye. Ina bin maganar tun ɗazu, kunya ce ta hana ni sa baki. Gaskiya ni tsoron shiru nake ji. A nan Bauchi in Baban Amir ya yi tafiya, ina jin motsin maƙwabciyata ta katanga, in na yi kira za ta amsa. Ban san kowa a Gombe ba sai ku. Ban ce lallai sai cikin gari ba, maganar Hamma a kan yara ta shige ni sosai. Amma ina roƙon kada a kai ni inda in na leƙa waje ba zan ga mace ko ɗaya ba. Ina son inda akwai Islamiyya da yara za su taka da ƙafa, da kemis kusa.

Goggo Asabe: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin ji magana.

Baffa Sale: Kuma me ya sa muka tsaya a gida biyu kamar su kaɗai ne a garin? Asibitin a kan hanyar Ashaka yake. A duba wajen Federal Low Cost da kewayensa, tsofaffin unguwannin ma'aikata ne, layuka a tsare, kuma mutane sun daɗe da sanin juna. Samu ne ke wuya, don wanda ya shiga ba ya son fita. Nura, kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoto. Ka ga mai gidan ido da ido, ka tabbatar shi ne mai shi, a rubuta yarjejeniya da shaidu. Ka gaida mai unguwa. Ka yi sallar magariba a masallacin layin, ka tsaya a gaisa, ka ce kai baƙo ne mai neman haya. Dattawan wurin za su gaya maka abin da dillali ya ɓoye.

Adda Zainab: Ka kuma koma da dare, wajen ƙarfe tara. Ka ga gida nawa ne ke da haske, su wa ke zaune a kwana, ko akwai mata da yara a waje. In wata shida mai gidan zai karɓa, ka ba da wata shida, ka ga damina tukuna.

Hamma Usman: Wannan na yarda da shi. In ya je da dare ya ga layin Tumfure a mace, ni da kaina zan ce ya bari. Amma a kai shi na Tudun Wadan ma a irin wannan lokacin, kada a nuna masa shi da hantsi kawai.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan taho ranar Juma'a da Hauwa, mu bar yara wurin Inna. Adda, a gidanki za mu sauka. Kawu, Asabar da yamma mu fara da naku, Lahadi mu shiga Tudun Wada, in Baffa ya samo wani a hanyar Ashaka mu ƙara da shi.

Baffa Sale: Zan yi waya yau. Ka zo da takalmin da za ka iya tafiya da shi, sai mun zagaya bayan kowane layi.

Kawu Bello: Ku sauka a Tumfure kafin mota ta gangara gari, ina bakin titi daga ƙarfe huɗu.