Heda ko manifol ɗin asali: rigima kan wata Fijo 504

Mai Farar 504: Salamu alaikum jama'a. Manifol ɗin salansar motata, wato ƙarfen da ke tara hayaƙin silindojin inji ya kai shi salansa, ya tsage, na yanke shawarar cire shi a sa mini heda, irin wadda kowace silinda ke da nata bututun. Mai haɗawa ya ce in aka sa masu faɗi, ƙarfin inji sai ya kusa ninkawa. Iya faɗin bututu, iya gudu.

Oga Bakanike: Wa'alaikumus salam. Alhaji, aljihunka ya hango. Injin nan lita 2 ne, ko ranar da ya fito sabo ƙarfinsa bai kai na doki 100 ba. Bututu kawai ba ya ninka inji. In ma ya yi faɗi da yawa, hayaƙi tafiyar hawainiya yake yi a ciki, sai ka ga mota ba ƙarfi in inji na juyawa a hankali, tana nishi in za ta tashi daga tsaye.

Ɗan Autan Gareji: Oga, a yi mini afuwa, amma kar mu ce heda banza ce. Hayaƙin da ya fita da gudu yana barin jan iska a bayansa, wannan jan ne ke zuƙo na silindar da ke biye. Injin silinda huɗu yana kunnawa ne 1-3-4-2, shi ya sa ake haɗa ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, sannan biyun su zama ɗaya. Wannan ita ce 4-2-1, ita ke taimaka wa tsakiyar gudu. Mai haɗe huɗun lokaci guda, 4-1, sai inji ya yi sama sosai take nuna kanta.

Oga Bakanike: Ban ce banza ce ba. Cewa na yi ba ta ninka komai. Kuma Alhaji yaushe rabon da ya take mota har inji ya yi kuka?

Mai Farar 504: To ɗaurin aure nake zuwa da ita, sai masallacin Juma'a.

Baba Direba: Kun ji ko! Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, na yi shekaru ina lodin Kano zuwa Jos da wagon, ban taɓa taɓa manifol ba. Ƙarfen zubi ne mai kauri, yana riƙe zafi, yana danne ƙara. Bututun heda siriri ne, zafinsa duk a cikin bonet yake zama, ya gasa wayoyi da robobi. Mai son tsohuwar mota in ya buɗe bonet ya ga an canja, farashi zai rage.

Mai Walda: Baba ya yi gaskiya a zancen zafi. Amma abin da nake gani a hannuna shi ne, yawancin hedar da ke ba mutane wahala ba tsarinta ne ya lalace ba, aikin ne. Na taɓa sayen wata mai sheƙi kamar madubi, farantin da ke manne da kan inji siriri. Wata biyu ya lanƙwashe, gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakaninsa da kan inji, ta ƙone, da safe sai ka ji tik-tik-tik, ga baƙin toka a gefen ramin. Yanzu in faranti bai kai milimita 10 ba, ba na kallonsa. Ina ɗora rula a kai, in haske ya ratsa ƙasanta na ajiye. Sai lanƙwasa: in bututu ya matse a kwana, faɗin da ka biya ya tafi. Tsofaffin masu aiki yashi suke ɗura wa bututu kafin su gasa su lanƙwasa, don kar ya shaƙe.

Ɗan Autan Gareji: Ku riƙa tafiya da maganaɗisu kuma, don gane irin ƙarfen hedar. Silba, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 304 ba ta kama shi sosai, mai 409 tana kamawa.

Oga Bakanike: Ga wanda ba a faɗa ba. Ka sa heda, iska ta ƙaru, kafiretar Solex mai haɗa mai da iska tana nan yadda take, mai zai iya yin kaɗan. Ka ciro fulogi bayan tafiya, in ya yi fari fat a sake jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a kafireta, in ba haka ba bawul ne zai ƙone.

Mai Farar 504: Wato bayan kuɗin heda akwai na kafireta?

Baba Direba: Da na rufe wayoyi daga zafi. Je ka kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka nemi manifol na hannu.

Ɗan Autan Gareji: Na hannun ma shekararsa nawa, Baba? Zai iya zuwa da tasa tsagar.

Mai Walda: Alhaji, kawo tsohon gobe in ga inda ya tsage tukuna. In a kunnen noti ne, akwai magana. In ya ratsa tsakiya, sai mu auna ramukan don haɗa heda.