Me za mu kira "side effect" da Hausa? Ni dai na ce laulayin magani

Assalamu alaikum jama'a, musamman malaman Hausa da ma'aikatan asibiti. Kalma nake nema, kuma buƙata ce ta sa. Ina rubuta 'yar takarda shafi guda da za a riƙa miƙa wa dangi ranar da aka fara ba ɗan'uwansu maganin taɓin hankali. Layi biyu na rubuta na cije a kan abin da Bature ke kira "side effect", wato abin da magani ke haifarwa a jiki ban da aikin da aka sha shi dominsa.

Ga abin da ya kawo ni nan. Ƙanina yana da shekara 22 ciwon ya same shi. Barci ya ƙaurace masa, yana jin muryoyi, yana cewa masu shagunan layinmu sun haɗa baki suna bibiyarsa. Muka kai shi wani asibiti, aka rubuta masa haloferidol, aka ce mu dawo bayan mako biyu. Iyakar bayanin ke nan. Dare na uku, bayan isha'i, yana zaune a tabarma da kwanon tuwo a gabansa, sai wuyansa ya karkace hagu kamar an murɗe shi da hannu. Idanunsa suka kafe sama, fari kaɗai ake gani. Harshensa ya zazzago, yawu na ɗiga a gaban rigarsa. Yana jinmu sarai, yana son magana, ba hali. Inna ta rungume kansa tana salati, ta dube ni ta ce, "Kai, fitar min da ƙwayar nan daga gidan nan. Ba sa son ta." Da hannuna na zubar da ita. Washegari wuyan ya saki, kowa ya ce ai ga zahiri. Wata huɗu ya yi ba magani, har ya kai yana fita ba takalmi muna bin unguwanni muna cigiyarsa.

Sai da muka je wurin wani likita dattijo ya zaunar da mu ya ce, "Hajiya, abin da kika gani sananne ne. Yakan faru a kwanakin farko, ya fi kama samari, kuma da kun kawo shi a daren da allura ɗaya ta sake shi." Inna ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "To likita, me ya sa ba a faɗa mana ba?" Na daɗe ina juya tambayar nan. Na tabbata gaggawa da yawan layi na ciki, amma ina ganin har da rashin kalmar da za a faɗa a cikin numfashi ɗaya tsohuwa ta gane ba tare da ta firgita ba.

Kafin a kawo shawara, a fahimci abin da ake raɗa wa suna. Waɗannan magunguna suna tare hanyar wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. A sashen da aikinsa ya yi yawa, tarewar ce ke kwantar da muryoyin da zarge-zargen. To amma da wannan sinadarin ne ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin gaɓoɓi, shi ne kuma ke taka wa sinadarin ruwan nono birki. Magani kuwa ba ɗan aike ba ne da zai tsaya a ƙofar da aka nuna masa. Duk inda ya ga dofamin sai ya tare. Daga nan ake samun sanƙarewar wuya, rawar hannu, tafiya a ƙage, da ɗaukewar al'ada ko zubar ruwan nono ga macen da ba ta shayarwa, wanda aka fi gani da wani daga cikinsu mai suna risferidon. Na farkon su duka, kulofiromazin, an haɗa shi a Faransa a 1950, likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada shi a kan masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne da ke Faris a 1952. Sunansa na kasuwa, Largactil, ma'anarsa mai faɗin aiki. Har yau ana ba da shi don amai da shaƙuwar da ta ƙi tsayawa. Ke nan aikin magani da yawa ne, mu ne muke zaɓar ɗaya mu ce shi muke so, sauran kuma su biyo ba gayyata. Sunan waɗannan da suka biyo nake nema.

*

Na gode ƙwarai, amsoshi sun zo fiye da zatona. Bari in bi su.

Mafi yawanku kun ce "illa" ko "illolin magani", kuma ita ake ji a rediyo. Ban raina ta ba, amma ku saurari yadda Bahaushe ke amfani da ita. An sare shi an yi masa illa. Ragon nan yana da illa, ba a layya da shi. Illa lahani ce mai zama, wadda ta rage wa abu daraja. Ka ce wa uwa, "Maganin nan yana da illoli, amma ki riƙa ba shi safe da dare," ka ga ko za ta ba shi. Bushewar baki da yawan barci a makon farko ba su kai a kira su illa ba, kuma idan muka kira su haka mun ƙarar da kalmar tun kafin mu zo inda ake buƙatarta da gaske.

"Tasirin gefe" kuwa, don Allah a bar shi. Turanci ne aka sa wa hula. Larabawa ma da "gefe" suka fassara, ya zauna musu, mu bai zauna mana ba. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce a wajensu takardun magani da Faransanci suke, kalmar da ke ciki kuma tana nufin aiki na biyu. Wannan ya fi kusa da gaskiyar abin, sai dai ba ya gaya wa mai jinya komai.

Wata ma'aikaciyar jinya ta tuna min da abin da mutane ke faɗa da bakinsu: "Maganin ya yi masa ƙarfi," "jininsa bai karɓa ba," "ya bugar da shi." Gaskiyarki, 'yar'uwa, haka ake cewa. Damuwata ita ce ƙarshen kowace daga cikin jimlolin nan ɗaya ne: a daina sha. Wani malami kuma ya kawo "'yan rakiyar magani". Ta yi daɗi a kunne, ranka ya daɗe, na kuma so ta. Amma ɗan rakiya ba ya cutarwa, wanda kuwa wuyansa ya murɗe yana cikin azaba da tsoro.

Tawa shawarar ita ce laulayin magani.

Ku dubi laulayin ciki. Mace tana amai, ƙamshin girki na tayar mata da zuciya, ba ta da ƙarfi. Kowa a gidan ya san wahala ce ta gaske, ba mai cewa raki take. Kowa ya san tare da abin alheri ta zo. An san wata tana yi, wata ba ta yi, wata kuma nata ya fi tsanani har sai an ƙara mata ruwa. An san yawanci yana sauƙi bayan watannin farko. Abin da ya fi muhimmanci, an san abin yi: a faɗa wa ungozoma ko likita a nemi sauƙi. Duk bayanin da nake so dangi su riƙe game da maganin nan yana cikin kalmar tun kafin in buɗe baki. Ga wanda ya ce kalmar mata ce, namiji zai ji kunya, ai muna cewa laulayin haƙori ga jariri mace ko namiji, muna kuma cewa wane mutum ne mai yawan laulayi.

*

Wani likita ya kawo suka mai nauyi, kuma ina ganin ya fi ni gaskiya a rabin maganar. Ya ce, "Malam, laulayi yana wucewa. Akwai abin da ba ya wucewa, akwai kuma wanda ke kisa. Kada kalmarka ta sa mutane su zauna a gida suna jiran sauƙi."

Haka ne, likita. Wanda ya shekara da shekaru a kan haloferidol ko allurar wata-wata irin su Modecate, yakan fara motsa baki kamar mai tauna goro alhali ba komai a bakinsa, harshe na leƙowa, fuska na yamutsewa ba da sonsa ba. Wannan yakan zauna ko da an daina maganin. Olanzafin, wanda ya shigo kasuwa a 1996, bai cika murɗe wuya ba, amma yana buɗe cin abinci, mutum ya yi ƙiba cikin 'yan watanni dangi na murna ya murmure, alhali sukari da kitsen jininsa na iya hawa har ciwon sukari ya kama shi. Kulozafin, wanda ake komawa gare shi idan sauran sun gaza, yana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. A 1975 mutane sun mutu ta haka a Finlan, shi ya sa ba a ba da shi sai da gwajin jini a kai a kai. Sannan akwai wanda ba a cika gani ba amma yana kisa: zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare, gumi, ruɗewa. A ƙasar da kowane zazzaɓi ake fara cewa na cizon sauro ne, wannan abin tsoro ne.

To a nan ne "illa" ta sami gurbinta. Maimakon kalma ɗaya ta ɗauki kayan duka, mu raba. Laulayin magani shi ne wanda ake sa ran gani, yake sauƙi da kansa ko idan likita ya rage ko ya canza: barci, jiri idan an miƙe da sauri, bushewar baki, taurin bayan gida, rawar hannu. Illar magani ita ce wadda ke iya zama ko ta taɓa rai. Bature ma a asibiti ba kalma ɗaya yake amfani da ita ba. Murɗewar wuyan ƙanina ina sa ta a laulayi mai tsanani, irin wanda ba a kwana da shi a gida, domin yana iya taɓa maƙogwaro ya hana numfashi.

Wani abu da ya taso a gefe. Ƙwayar da ake bayarwa don sake jijiyoyin nan ita ce Artane, wadda aka fi sani da Exol, kuma kun san sunan da ta yi a bakin mutane saboda samarin da ke shan ta don maye. Na ga uban da ya ga sunanta a takardar ɗansa ya ɓata rai ya ce ba za a mayar masa da yaro ɗan ƙwaya ba. Idan aka ce masa, "Alhaji, wannan na laulayin wancan ne, likita ne zai ce yaushe za a daina," magana ta ƙare. Ba ta kuma maganin taunar bakin nan ta shekaru, tana ma iya ƙara ta, don haka ba a saye a kemis a ƙara da ka.

*

An tambaye ni "interaction", wato yadda wani magani ke shafar aikin wani idan an haɗa su. A nan ban sha wahala ba, ma'aikaciyar jinyar nan ta riga ta ba mu: "Wannan da wannan ba sa jituwa." Rashin jituwar magunguna. Na fi son ta a kan "karo", domin ba kullum ɗaya ke kashe ɗaya ba, wani lokaci zuga shi yake. Rifamfisin na tarin fuka da kabamazafin na farfaɗiya suna sa hanta ta yi saurin ƙone haloferidol da risferidon, sai ciwo ya dawo a ce magani ya daina aiki. Hayaƙin taba haka yake yi wa olanzafin da kulozafin, shi ya sa mashayin da ya daina taba farat ɗaya sai maganin ya taru a jininsa. Kwinin da haloferidol idan sun haɗu suna iya rikita bugun zuciya. Metokulofiramid, maganin aman da ake saye ba takarda, shi ma dofamin yake tarewa, sai ya ƙara murɗewar. Tiramol yana buɗe ƙofar jijjiga, giya da kodin suna ninka barci. Jiƙo da sassaƙe ma a faɗa wa likita ana sha, ba abin kunya ba ne.

Sunan rukunin magungunan kansa, "maganin hauka" dai ba zai shiga takardata ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 wadda sunanta ma na mahaukata ne, bai dace bakinmu ya tsaya a baya ba. "Maganin barci" kuskure ne mai tsada, domin da mutum ya fara barci sai a ce ya warke a ajiye. Na bar shi a "maganin taɓin hankali" har a sami wanda ya fi shi.

Ga yadda layin farko ya tsaya yanzu, masu aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri ku duba min ko zai faɗu a bakinku: "Maganin nan yana da laulayi. Idan kun ga barci, jiri ko rawar hannu, kada ku daina ba shi, ku faɗa wa likita. Idan wuya ya murɗe, ko ido ya kafe, ko zazzaɓi ya zo da sandarewar jiki, ku kawo shi asibiti nan take ko da tsakar dare ne."

Na karanta wa Inna jiya da yamma. Ta sa na maimaita, sannan ta ce in ƙara da zafin bazara, domin ta lura rana ta fi dukan yaron tunda ya koma kan magani, kuma gaskiyarta, magungunan nan suna rage wa jiki iya sanyaya kansa. Na ƙara.

Saura guda da har yanzu ban samu ba. Akwai laulayin da ke hana mutum zama wuri ɗaya: ya zauna ya tashi, ya yi ta safa da marwa a tsakar gida, ƙafafunsa na cinsa daga ciki. Dangi sukan ɗauka ciwon ne ya motsa su ƙara masa ƙwaya, abin ya ƙaru. Ƙanina ya yi fama da shi, na tambaye shi yadda yake ji, ya ce, "Yaya, kamar tururuwa ce a cikin ƙashina." Na rubuta "ƙaiƙayin ƙashi" da fensir, ina jiran ta bakin likitoci kafin in kai wa mai buga takarda.