Shin har yanzu ana samun wayar aiki mai madannai, da imel, da taswirar tauraron ɗan Adam?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Sana'ata kai kayan noma, kuma mafi yawan kwanakina a kan hanya suke ƙarewa, tsakanin Kano da Katsina da ƙauyukan da ke gefensu. Shekaru da dama na riƙe Nokia E71, wadda nake rubuta imel mai tsawo da ita da babban yatsa ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da takardar lissafi, ga taswira tana nuna mini hanya, ga batir yana kai ni kwana biyu. Tun da na koma wayar shafawa nake fama da kuskuren lambobi, har na taɓa aika wa mai saye farashin da sifiri ɗaya ya ɓace a cikinsa. Ina son komawa irin waccan wayar. Shin in nemi E71 ko BlackBerry ta hannu, ko kuwa akwai sabuwa da za ta yi mini waɗannan ayyuka uku?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Alhaji. A matsayina na mai gyaran waya, shawarata ita ce kada ka sa kuɗinka a tsofaffin nan da niyyar aikin imel. E71 ta fito a 2008 da tsarin Symbian, ƙanwarta E72 ta biyo a 2009, kuma ko ka sami mai lafiyar jiki, hanyoyin tsaron da manyan kamfanonin imel suke amfani da su yanzu sun wuce abin da manhajarta ta sani, don haka sau da yawa za ka sa adireshi da kalmar sirri daidai amma ta ƙi shiga. WhatsApp ma ya daina aiki a kanta tun 2017.

Lamarin BlackBerry ya fi haka tsanani. Duk wanda ya yi zamanin biyan kuɗin BIS (hidimar intanet ta BlackBerry) a wata ya san cewa saƙonnin wayar ta na'urorin kamfanin suke bi kafin su iso hannunka, abin da ya sa imel yake faɗowa nan take kuma data ba ta saurin ƙarewa. A ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya rufe hidimominsa ga wayoyi masu tsarin BlackBerry 7.1 da na ƙasa da shi, da kuma BlackBerry 10. Bold da Curve da Classic da Passport duk abin ya shafe su. Ina da Bold guda biyu a durowa, madannansu sumul kamar ba a taɓa latsa su ba, amma ba zan sayar wa ɗan kasuwa su ba alhali na san abin da yake nema.

Amsa ta biyu:

Malam mai gyara ya yi gaskiya, sai dai ina ganin bai kamata a rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Akwai KEYone ta 2017 da KEY2 ta 2018, waɗanda kamfanin TCL ya ƙera da sunan BlackBerry, kuma da yake Android suke ɗauke da shi, rufewar 2022 ba ta kashe su ba. Na riƙe KEY2, madannanta suna da daɗi ƙwarai, har ana iya sa kowane harafi ya buɗe manhaja guda. Matsalarta ita ce ta tsaya a Android 8.1, ba a ƙara ƙera ta, kuma manhajojin banki suna ta barin tsofaffin tsaruka ɗaya bayan ɗaya. Idan sabuwa kake so, kamfanin Unihertz na ƙasar Sin yana yin jerin wayoyin Titan masu madannai, amma ka tambayi masu gyara ko ana samun gilashinta da batirinta a kusa kafin ka saya.

Amsa ta uku:

Ranka ya daɗe, maganar taswira kada ta ɗaure ka ga wata waya. Kowace wayar zamani tana karɓar sigina kai tsaye daga taurarin GPS da ke nisan kimanin kilomita 20,200 a sama, kuma da zarar ta kama huɗu za ta gane inda kake, ko da babu sabis ko kaɗan. Zanen hanyoyin ne kawai yake buƙatar data, shi ma Google Maps yana barin mutum ya sauke yankin da zai bi tun yana gida. Sai dai hanyoyin ƙauye da yawa ba a zana su ba, musamman waɗanda damina take sauya wa wuri.

Abu guda da nake so ka duba shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Madannan waɗannan wayoyi ba su da ɓ da ɗ da ƙ a jikinsu, alhali Gboard, madannan Google na kan allo, yana da Hausa a allon shafawa.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na haƙura da E71. Imel ɗina na kasuwanci yawanci da Turanci ne da lambobi, saboda haka lanƙwasa ba za ta dame ni sosai ba. Malam mai gyara, idan na kawo KEY2 ta hannu, me da me zan gwada a gaban mai sayarwa kafin in biya?