Idan fasinja ya rikice a tsakiyar doguwar tafiya

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Direbobi, kwandastoci da ma'aikatan lafiya, don Allah kowa ya kawo abin da ya sani: me ake yi idan fasinja ya fara surutai, ko ya tashi yana neman a buɗe masa ƙofa mota na gudu, kuma asibiti na da nisa?

Direban bas: Wa'alaikumus salam. Kafin komai a tsayar da mota. Babban haɗarin shi ne mutum ya iso gaba ya kama sitiyari ko ya buɗe ƙofa. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka sauka gefen titi inda babu kwana, ka ja birkin hannu, ka zare makulli ya shiga aljihunka. Da dare a kunna fitilun ciki. Kuskuren direbobi shi ne ƙara wuta don a isa gari da wuri, alhali hankalinsu na kan madubi, ba kan titi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ne, Malam. Amma a lura, ba duk rikicewa ce taɓin hankali ba. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba yakan yi gumi, ya yi rawar jiki, ya yi ta faɗa. Idan yana iya haɗiya a ba shi abin sha mai zaƙi, yawanci cikin minti 15 ya dawo. Wanda ya saba da barasa ya daina kwatsam, bayan awa 48 zuwa 72 yana iya fara ganin abin da babu shi, kuma wannan na kisa. Mai farfaɗiya yakan ɗimauce bayan ya farfaɗo. Idan jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti, kuma kada a cusa masa komai a baki.

Wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya taso wa kuwa, tsoro ne ya fi damunsa. Mutum ɗaya kawai ya yi masa magana, da murya ƙasa-ƙasa, daga gefe, da tazarar taku biyu. A kira sunansa. A tambaye shi ko yana shan magani da yaushe ya sha na ƙarshe. Idan ya ce ana binsa, kada a ƙaryata shi, kada kuma a gaskata. A ce masa an ga yana cikin tsoro, za a zauna da shi. Masu ɗaukar bidiyo su ajiye waya, domin wayar da aka nuna masa tana tabbatar masa da abin da yake zargi.

Kwandasta: Hajiya, idan ya fara duka fa?

Ma'aikaciyar jinya: A fara fitar da yara da tsofaffi, a bar masa fili. Riƙewa sai in babu makawa, kuma na ɗan lokaci. Kada a kifa shi a danne bayansa ko wuyansa, numfashi na tsayawa cikin 'yan mintuna, an rasa rayuka ta haka. A kwantar da shi a gefensa, wani na kallon numfashinsa. Kada wani ya ciro ƙwayar barci daga jakarsa ya ba shi.

Jami'in tasha: Ni a ganina matsalar tana farawa tun kafin a hau mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum ɗaya cikin takwas na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma likitocin wannan fanni sun taru a manyan birane. Shi ya sa marar lafiya ke shiga bas, sau da yawa bayan maganinsa ya ƙare, ga rashin barci, ga zafi da cunkoso. 'Yan'uwa kan ɓoye lalurar don kada a hana shi hawa. Da tasha za ta daina korar su, da sun riƙa faɗa, a ba shi kujera ta tsakiya kusa da taga, ɗan rakiya a kujerar da ke kusa da shi ta ɓangaren hanyar cikin mota, nesa da direba da ƙofa. Magani da katin asibiti su kasance a hannu, ba a but ba.

Likita: Ƙari kaɗan. Mai shan haloperidol, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, wuyansa na iya sandarewa, idanu su juye sama; illar magani ce, yawanci allura ɗaya ke warware ta. Mai shan lithium, shi ma maganin ciwon ƙwaƙwalwa ne, kada a hana shi ruwa don gudun tsayawa fitsari, ƙishirwa na mayar da maganin guba. Kuma mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi cutarwa.

Direban bas: Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa direbobi, kada a sauke shi a daji ko bakin titi da dare. Mota ce za ta buge shi. A kira lambar gaggawa, a sanar da kamfani, a miƙa shi hannun asibiti ko jami'an hanya mafi kusa tare da kayansa, a rubuta wurin da lokacin a takardar fasinjoji don 'yan'uwansa su san inda za su same shi.