Mu da muka taɓa aika rubutu daga Damagaram, yaya aka ƙare?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da gajerun labarai da na tara, kuma zuciyata ta gaji da ganinsu kwance cikin waya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne inda zan dosa da su. Yamai na da nisan kusan kilomita 900, kuma yawancin abin da ake bugawa can da Faransanci ne. Kano ga ta kusa, harshenmu ɗaya, amma wata ƙasa ce da kuɗinta da ƙa'idojinta. Don Allah wanda ya taɓa aikawa mujalla, gasa ko kamfanin ɗab'i, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, ba wanda ya ji a bakin wani ba.

Malama daga Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ta Hikayata na fara, gasar da BBC Hausa ta buɗe wa mata a 2016. Na daɗe ina ɗauka ta ƴan Najeriya ce kawai, sai a 2022 da Amira Souley ta Maraɗi ta zo ta ɗaya da "Garar Biki". Ranar nan na ce ashe ƙofar tamu ce mu ma.

A shekarar da na shiga, an ce labari kada ya gaza kalma 1000, kada ya wuce 1500. Nawa ya kusa ninka haka. Na zauna dare bayan yara sun yi barci ina yanka, kuma a nan na koyi abin da ba wanda ya taɓa koya mini. Na cire doguwar gaisuwar da ke tsakanin uwa da kishiyarta, na cire bayanin kayan ɗakin amarya tun daga gado har kwalla, na bar wurin da yarinyar ke tsaye a layin famfo tun asuba da jarka biyu tana jin mata na zancen aurenta ba su san tana bayansu ba. Da na sake karantawa, sai na ga labarin dama a layin famfon nan yake, sauran duk rakiya ce. Ban kai ga kyauta ba, amma tun daga lokacin ba na aika komai sai na karanta sharuɗɗa sau biyu. Kai namiji ne, wannan ba taka ba ce, amma darasin naka ne. Kuma ka sa allon rubutun Hausa a wayarka don ɓ, ɗ, ƙ su fito daidai.

Mushe mai ritaya:
Ɗana, bari in ba ka na tsofaffi. Manyanmu na nan sai da suka tsallaka Faransa kafin a buga su: Sarraounia ta Abdoulaye Mamani a Paris ta fito a 1980, wasan kwaikwayon Tanimoune na André Salifou shi ma can. Mu da muka zaɓi Hausa, hanyarmu ta buɗe ne ta makarantun da ke koyarwa da harsunan gida. Kamfanonin ɗab'i na Albasa da Gashingo a Yamai sun fitar da littattafai da Hausa da Zabarmanci da sauransu, kuma da yawansu na yara ne da na yaƙi da jahilci, domin nan ne mai saye yake: ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin da ke tallafa wa lakwal. Ƙaramin kamfani ba ya buga abin da bai san wanda zai ɗauka ba.

Ni da na gane haka, sai na ajiye dogon labarina na soyayya, na rubuta tatsuniyoyi gajeru da na ji a bakin kakata a Gure. Na buga su a na'ura, na sa a ambulan, na ba wani tsohon ɗalibina da zai hau mota zuwa Yamai ya kai hannu da hannu. An daɗe kafin amsa ta zo, har na fidda rai. Da ta zo, takardun cike suke da jan biro, kusan duk a kan ƙa'idar rubutu. A Nijar dokar 1999 ce ake bi, mu muna rubuta ƴ, ƴan Najeriya na rubuta 'y. Ka san inda za ka aika kafin ka zaɓi ɗaya, kuma kada ka gauraya su a shafi guda. Yanzu da kundin dokokin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ina fatan ku za ku samu faɗin da mu ba mu samu ba.

Ɗan Magariya:
Baba Mushe ya faɗi gaskiya. Ni Kano na bi, kuma abu ɗaya nake so kowa ya riƙe: mai injin buga littafi daban, mai wallafa daban. Wanda na samu ya karɓi labarina cikin kwana kaɗan, bai ce a gyara ko wasali ba, sai ya faɗi kuɗi. Na yi murna, na canza sefa zuwa naira na biya. Aikinsa ya yi kyau, bangon na sheƙi. Amma ranar da ya miƙa mini kwalaye, nan tasa ta ƙare. Babu mai kai wa ƴan littattafai na kasuwar Sabon Gari, babu mai talla. Ana haka aka rufe iyaka a watan Agusta na 2023, kwalayen suka yi watanni a shagon wani ɗan'uwanmu kafin su iso gida. Har yau ni ke ɗaukar su a bayan kabu-kabu ina bi makarantu. In mutum ya ce ka kawo kuɗi, ka tambaye shi uku: wa zai gyara, wa zai raba, kwafi nawa ne naka. A rubuce, da sa hannu.

Ƴar Mirya:
Ni abin da ya fi yi mini ciwo ba kuɗi ba ne. Wata mujalla ta karɓi labarina, na yi farin ciki ƙwarai. Da ya fito, sai na tarar tsohuwar da na rubuta, mai sayar da kuka da daddawa a kasuwar Dole, tana magana kamar mai karanta labarai a rediyon Kano. An cire jika an sa naira, an cire lakwal, an goge duk abin da ke nuna ita ƴar nan ce. Na karanta ban gane ta ba.

Malama daga Zango:
Ƴar'uwa, na ji zafinki, amma edita ma yana da hujja, masu karatunsa yake dubawa. Abin da nake yi yanzu: bayani na marubuciya ina yin sa da daidaitacciyar Hausa, maganar mutanen labari kuwa ina barin ta da Damagaranci, sannan in rubuta a wasiƙar da ke rakiya cewa da gangan na yi, in roƙi a nuna mini gyara kafin a buga. Wanda na yi wa haka ya amince.

Ƴar Mirya:
Yaya, zan gwada. Sai dai har yanzu ina ganin bai kamata a ce sai na roƙa ba.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou:
Nawa waƙoƙi ne da Faransanci, mujallun intanet nake aikawa. Biyu na koya. Da yawansu ba sa karɓar abin da ya taɓa fita, kuma abin da ka sa a Facebook suna lissafa shi a wanda ya fita. Wata ta dawo mini da waƙar da na fi so saboda haka kawai. Na biyu, shiru ya fi "a'a" yawa. Ina da littafin rubutu da nake sa suna da ranar da na aika, in lokacin da suka ɗiba ya wuce in tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi, sannan in kai wani wuri. Masu raba labari a rukunonin WhatsApp shafi-shafi su lura da wannan sosai.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. Uku daga cikin nawa na riga na sa su a Facebook. Baba Mushe, sauran fa, in na aika wani ya sa sunansa a kai?

Mushe mai ritaya:
Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, ka nemi wakilinsu ka yi rajistar rubutun kafin ya bar hannunka, ka kuma adana saƙon da ka aika da kwanan watansa. Ka kawo mini guda biyu ranar Juma'a bayan la'asar, a takarda, da tazara tsakanin layuka inda zan sa biro. Ka fara ba wani wanda ba abokinka ba ya karanta su da ƙarfi kana saurare.