Saye da sayar da domen: ta ina zan fara da dala 200?

Nazifi: Assalamu alaikum jama'a. Na ware dala 200 ina so in gwada harkar domen, wato sunan adireshin shafin intanet, in sayi suna in ajiye, in ya samu mai so in sayar. Ku da kuka riga mu shiga, a wane kamfani ya kamata in yi rajista, kuma da sunaye nawa zan fara?

Sadiya: Wa alaikumus salam. Porkbun ko Dynadot. Amma kafin ka biya, duba kuɗin sabuntawa, kar farashin shekarar farko ya ruɗe ka.

Ɗanjuma: Namecheap ma ba laifi.

Abba: Ka shigo a kan gaɓa ɗan'uwa. Voice.com dala miliyan 30 aka sayar da shi a 2019. Chat.com wani ya saya dala miliyan 15.5 a 2023, daga baya ya koma hannun OpenAI. Kalma ɗaya fa!

Malam Haruna: Abba, Allah ya shirye ka, kullum da waɗannan labaran kake zuga sababbin shiga. MicroStrategy da ta sayar da Voice.com shekara da shekaru ta yi tana riƙe da shi, kuma irin waɗannan kalmomi tun shekarun 1990 aka gama kwashe su. Nazifi, zauna ka yi lissafi. Verisign, mai riƙe da .com, dala 10.26 ta fara karɓa daga kamfanonin rajista a kan kowane suna a Satumbar 2024, su kuma su ɗora nasu. Ka ce dala 11 ko sama da haka a shekara. Jarinka zai ba ka suna 18 in ka zuba shi duka. Tsofaffin hannu a harkar nan kan ce cikin suna 100 masu kyau, ɗaya ko biyu ke fita a shekara. To mai 18 fa? Sai shekara ta zagayo babu ko tayi ɗaya, ga kuma kuɗin sabuntawa na jiransa, wata dala 200 ɗin. Nan ne mutane ke karyewa, ba wajen saye ba. Ni shawarata ka sayi biyar, sauran kuɗin ka ajiye don riƙe su shekara uku. Kuma duk sunan da ba za ka iya lissafo kamfanoni goma da zai yi wa amfani ba, bar shi inda ka gan shi.

Abba: Malam ai wanda bai taya ba ba a sallama masa.

Malam Haruna: Wanda ya tara kwantai kuma shi ke biyan kuɗin ajiya.

Usman: Bari in faɗa muku abin da aka yi mini, don sabon shiga shi suke farauta. Ban daɗe da yin rajistar wani suna ba sai ga wasiƙa a imel. Mutum ne wai dillali, yana wakiltar wani mai zuba jari da ke son sunan a kan dala dubu 15. Rubutu tsaf, ga tambarin kamfani a ƙasa, ga lambar waya, har da tambayar ko ina da wasu sunayen su haɗa gaba ɗaya. Bai nemi ragi ba ko na sisi. Muka yi ta musayar wasiƙu, ya ce komai ya kammala, saura abu ɗaya: bankin mai sayen ba ya sakin kuɗi sai an kawo takardar shaidar ƙimar sunan daga masu ƙiyasi. Na ce akwai wuraren da ke yin ƙiyasi kyauta, ya ce ba sa karɓar na kwamfuta, sai wanda mutum ya sa wa hannu. Ya turo mini wani zaure da wai 'yan kasuwa ke tattaunawa, kowa a ciki yana yabon shafi guda. Na biya dala 79, aka turo takarda mai hatimi da zare ja a kusurwa, an rubuta domen ɗina ya kai dala dubu 18. Na tura masa. Sai ya ce mai sayen yana son ta biyu, ta binciken alamar kasuwanci, daga wani shafin dabam. Da na ce a cire kuɗinta daga cinikin, shiru kake ji. Lambar wayar ba ta shiga. Dillalin da mai ƙiyasin da masu yabon nan duk mutum ɗaya ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau suna nan suna turo wa mutane irin wasiƙar, sai dai su sauya suna. Mai saye na gaskiya ba ya sa ka biya komai kafin ciniki. In yana son ƙiyasi, ya biya da aljihunsa.

Sadiya: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya Usman.

Ɗanjuma: Ni ma an turo mini irinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Hajiya Bilki: Shi ya sa ba na cinikin bayan fage. Ko dai ta kasuwannin domen irin Afternic ko Sedo, ko kuma Escrow.com ya riƙe kuɗin sai suna ya isa hannun mai saye. La'adar Afternic daga kashi 15 cikin ɗari take farawa, tana iya haurawa, to ka sa ta cikin farashinka tun farko. Kuma kar ka sa farashi da ka, je NameBio ka ga nawa aka sayar da masu kama da naka.

Kabiru: Ni dabarata dabam ce. In ɗauki sunan babban kamfani in sauya harafi ɗaya, ko in ƙara wata kalma a gaba. Dole su zo su saya.

Hajiya Bilki: Ba za su saya ba, ƙanina, ƙwacewa za su yi. Tun 1999 ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta kafa tsarin warware rikicin suna da ake kira UDRP saboda irin wannan. Mai alamar kasuwanci zai shigar da ƙara, galibi a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, ya biya dala 1,500. Abu uku kawai zai nuna: sunan ya yi kama da alamarsa, ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka yi rajistarsa kake amfani da shi. Wasiƙar da za ka tura musu ta neman kuɗi ita ce hujjarsu. A Amurka ma akwai dokar da kotu za ta iya cin ka tara har dala dubu 100 a kan suna ɗaya.

Kabiru: To ai Facebook ya biya dala miliyan 8.5 a kan fb.com.

Malam Haruna: Ƙungiyar manoman Amurka ce ta sayar musu, kuma haruffan na sunanta ne, ta daɗe tana aiki da su. Ba ɗaya ba ne da abin da kake shirin yi.

Mustafa: Ni fa duk harkar ce ban gamsu da ita ba. Mutum ya buɗe sana'a yana neman suna, ya tarar wani ya tare shi, ba ya amfani da shi, sai an ninka masa kuɗi sau ɗari. Wane aiki ya yi?

Abba: Ya yi hangen nesa, ya kuma yi ta biyan kuɗin riƙo lokacin da babu mai so.

Mustafa: Hangen nesa ko tare hanya?

Sadiya: In kalma ce ta kowa da kowa ban ga laifi ba, wanda ya riga shi ya samu. In sunan wani ne ko na kamfaninsa, ina tare da kai.

Ɗanjuma: Mustafa, ba kai ne ka yi ta cigiyar wanda ya riga ka sunan shagonka ba? Ashe abin bai wuce ba har yanzu 😂

Mustafa: Shi ya sa na san zafin abin.

Jamila: Ba wanda ya yi maganar sunayen da wa'adinsu ya ƙare, alhali nan nake samun na kirki. In mai .com bai sabunta ba, akwai kwanakin sassauci da kan kai 45, sai kwana 30 da zai iya fansarsa da tsada, sai kwana 5 kafin a sake shi. Masu kyau ba sa kaiwa ƙarshe, a gwanjon GoDaddy ko NameJet ake wawashe su, waɗanda suka faɗo kuma kamfanin DropCatch ke cafkewa. Ina tace jerin a ExpiredDomains.net, sannan in duba tarihin suna a Wayback Machine. In an taɓa yin caca ko damfara da shi, ko kyauta ba na so. Kuma ka yanke iyakar kuɗinka kafin gwanjo ya fara, don minti biyar na ƙarshe kan sa mutum ya manta lissafi.

Abba: Ku dai ku nemi sunaye masu ƙarewa da .ai, can kuɗin yake yanzu.

Jamila: Na tsibirin Angwila ne, shekara biyu ake biya a tashin farko, kuma ya ninka .com tsada sau da yawa. Guda ɗaya zai lashe fiye da rabin jarin Nazifi.

Kabiru: .io fa?

Malam Haruna: Shi ma na yanki ne, tsibiran Chagos. Ingila ta sa hannu a 2025 kan miƙa su ga Morishiyos, kuma ICANN jerin lambobin ƙasashe take bi. In an cire yankin daga jerin, sai a fara maganar makomar .io ɗin. Ban ce a zubar da wanda ake da shi ba, amma ni ba na ƙarawa.

Abba: .su na Tarayyar Sobiyet yana nan har yau, Malam.

Malam Haruna: .yu na Yugoslabiya kuma an rufe shi a 2010. Zaɓi wanda za ka jingina da shi.

Usman: Hajiya, wani ya taya wanda na yi wa rajista makon jiya, amma yana so a mayar masa da shi wani kamfanin rajista. An ce ba zai yiwu ba?

Hajiya Bilki: Sai ya cika kwana 60 da rajista. Ka ce ya buɗe asusu a kamfanin da kake, ka tura masa cikin gida, amma sai Escrow ya tabbatar maka kuɗi sun shiga. Nawa ya taya?