A jawo waya zuwa fanel, ko a kai kati bakin rijiya?

A rukuninmu na masu haɗa fanel (akwatin na'urorin lantarki masu sarrafa injina) a Abuja aka yi wannan muhawara, daren Talata. Na cire sunaye, na bar laƙabin da muke kiran juna da shi.

Ɗan bautar ƙasa: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara. Masana'antar ruwan leda ce a Idu, an haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse biyu da tanki a bayan fili, mita 160 daga ɗakin fanel. PLC ɗin, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan, S7-1200 ne, ƙwaƙwalwarsa kuma CPU 1214C. Alamu goma sha biyu na kunne-ko-kashe zan ɗauko daga can, sai uku na awo: tsayin ruwa a tanki, matsin bututu, da yawan ruwan da ke wucewa. In jawo kowace waya har fanel, ko in kafa ƙaramar tashar I/O a can, wato katunan da alamu ke shiga da fita ta cikinsu, ta riƙa aiko wa CPU ta layi ɗaya?

Baba Injiniya: Wa'alaikumus salam. Jawo wayarka, yaro. Na sha faɗa, zan kuma faɗa: a ƙasar nan duk wanda ya raba katunan I/O ya kai su nesa da CPU, ya sayi rigima da kuɗinsa. Kebul ɗaya mai silili 24, wani mai sulke domin na awo, a ƙara kati biyu a gefen CPU. 1214C na ɗaukar har takwas a damansa. Shi ke nan.

Hajiya Fayiba: Baba, da girman kujerarku, amma wannan karon ban yarda ba.

Baba Injiniya: Dama yaushe kika taɓa yarda?

Hajiya Fayiba: Bari in ba ku labarin daminar bara. Wata gona ce wajen Kuje, an yi aikin daidai yadda kuka ce, waya ta taso daga bakin rijiya ta shiga katin shigarwa kai tsaye. Cikin watan Agusta aka yi tsawa da daddare. Da safe na buɗe fanel, ƙaurin ƙonannen roba ya fara tarbata. Tambarin baƙin hayaƙi ga shi nan a kan murfin kati, kamar an ɗana masa ashana. Hanyoyi takwas sun mutu, CPU ma ya bi su, don duk a layin bolt 24 ɗaya suke. Ba a kan ginin ma tsawar ta sauka ba, can kusa da rijiyar ne. Wayar tagulla ce ta yi mata rakiya har cikin ɗaki. Silili 24 a ƙasa tsawon mita 160, ƙofa 24 kuka buɗe wa aradu.

Baba Injiniya: Wannan laifin mai aikin ne, ba laifin waya ba. Ina rile na tsakani, wato makunnin da ke raba wayar waje da kati? Ina maganin tsawa a bakin shiga? Ina atin mai kyau, wayar da ke kai wuta ƙasa? Ni ba na barin wayar waje ta taɓa katina. Ta tsaya a kan rile, rile ya yi magana da kati. In tsawa ta zo ta ci rile na 'yan kuɗi kaɗan, a zare a sa wani.

Hajiya Fayiba: Na awon fa? Alamar awo ta miliyam 4 zuwa 20 ba ta bi ta rile.

Baba Injiniya: A sa masa mai raba layi. Ana sayarwa.

Mai Modbus: Ku bari in shigo. Hajiya, abin da ba ki faɗa ba shi ne Profinet, layin sadarwar da zai haɗa CPU da tashar can, a kan tagulla mita 100 ne iyakarsa tsakanin na'ura da na'ura. Yaron nan yana da 160. Ko dai ya dasa suwic a tsakiyar fili ya nemo masa wuta da akwati, ko ya koma fayiba. RS-485 kuwa, wani layin sadarwar ne mai silili biyu a murɗe, yana kai mita 1200 in ba a matsa masa gudu ba. A sa katin sadarwa CM 1241 a hagun CPU, a sa resista om 120 a kowane ƙarshen layi, a bai wa tashar lambarta. Yaren da za su yi magana da shi a layin kuwa Modbus ne, tun 1979 kamfanin Modicon ya fito da shi, har yau bai yi ritaya ba.

Baba Injiniya: Ya girme ka ke nan, ka riƙa gaishe shi.

Hajiya Fayiba: Silili biyu ma tagulla ce, ɗan'uwa. Ka rage ƙofofin, ba ka rufe ba. Fayiba gilashi ce, wuta ba ta bin ta. Kuma 'yan bola jari ba su da abin yi da ita. Ku tambayi duk wanda ya taɓa binne kebul mai kauri a bayan katanga a garin nan.

Mai Modbus: Sai sun haƙo sun datse kafin su gane ba tagulla ba ce.

Ɗan bautar ƙasa: Baba, in na bi taku, akwai matsala ɗaya. Hanyoyin awo da ke jikin CPU biyu ne kacal, kuma bolt 0 zuwa 10 suke karɓa. Sensocina duka na miliyam ne.

Baba Injiniya: Tsohuwar dabara. Ka gitta resista om 500 a bakin hanyar. Miliyam 4 zai zama bolt 2, miliyam 20 ya zama bolt 10. A cikin shirin za ka ga lamba daga wajen 5530 zuwa 27648, sai ka daidaita lissafinka a kai. In ka ga ta faɗo kusa da sifili, waya ta tsinke. Amfanin farawa daga 4 ke nan ba daga sifili ba.

Malamin Poli: Dabarar na aiki, amma a yi lissafi. Bolt 24 ne a madauki. Resista ta cinye 10 idan awo ya kai ƙarshe, saura 14, a cire na hanya. Wasu sensocin masu waya biyu suna buƙatar 12 kafin su yi aiki daidai, a duba takardarsu. Sannan hanyoyin nan na jikin CPU bit 10 ne, ba sa tantance awo sosai. Tsayin ruwa a tanki ba komai, amma awon da za a yi lissafin kuɗi da shi, a sayi katin awo SM 1231 kawai. Ai uku ne ma alamun, hanyoyin biyu.

Baba Injiniya: Na karɓi wannan, Malam. Amma ku saurari dalilina na gaskiya, don ba tsawa ce ke hana ni barci ba. An taɓa kirana wata masana'anta da ke da tashar I/O ta ET 200SP a wajen tankuna. Kan tashar, wanda ke magana da CPU, ya mutu. Suka yi oda daga Legas, ya iso, mai lantarkinsu ya cire tsoho ya maƙala sabo, iri ɗaya sak. Fitila ja ta ci gaba da ƙiftawa. Kwana biyu injin na tsaye, ma'aikata na zaune a inuwar mangwaro, motocin dillalai na juyawa. Me ya faru? Sabon kan ba shi da suna. A Profinet CPU da suna yake neman tasha, sai an zo da kwamfuta mai manhajar TIA Portal an raɗa mata. Ɗan kwangilar da ya yi aikin kuwa ya tafi da shirin a kwamfutarsa, lambarsa ba ta shiga. Da waya ce zalla, mai lantarkin nan da mitarsa zai bi ta silili-silili ya gano matsalar kafin la'asar. Ni abin da nake tambaya kullum: ranar da ba ka nan, wa zai gyara?

Hajiya Fayiba: Wannan tambaya ce ta gaske, Baba, ba zan musa ba. Sai dai maganinta na nan. In aka zana a cikin shirin wace kafa ta haɗu da wace, CPU da kansa zai raɗa wa sabon kan suna da zarar an maƙala shi, babu kwamfuta. Aikin minti biyar ne, mutane ne ba sa yi. Ku ma kun ce tsawar Kuje laifin mai aiki ce. To wannan ma haka.

Baba Injiniya: Kin rama.

Mai Modbus: Ta rama, amma ba ta amsa wa zai haɗa fayiba in ta tsinke ranar Lahadi ba.

Hajiya Fayiba: A sayi wadda aka riga aka sa wa kai, mai silili huɗu, biyu na aiki biyu na jira. Kai kuma yaro, in ka je ga ET 200SP, ka lura da gindin da katunan ke hawa. Na farko dole mai farin launi ne, ta nan wuta ke shiga. Masu duhu daga maƙwabcinsu na hagu suke sha. Kada kuma ka jefar da ɗan siririn murfin ƙarshe da ke cikin kwalin, ba ado ba ne. Na ga wanda ya zubar da shi tare da leda.

Malamin Poli: Tun ɗazu muke gardama babu wanda ya tambayi hanyar da wayar za ta bi. Yaro, akwai rami?

Ɗan bautar ƙasa: Akwai, Malam. Bututu ɗaya aka binne. Kebul ɗin famfunan biyu ne a ciki, daga VFD, na'urar sarrafa gudun famfo, da ke ɗakin fanel suke tasowa. Akwai sauran wuri kaɗan.

Baba Injiniya: Kai! Shi ne ba ka faɗa ba tun farko? Wayar awo ba ta kwana ɗaki ɗaya da kebul ɗin VFD, mita 160 kafaɗa da kafaɗa. Awonka zai yi ta rawa duk lokacin da famfo ya tashi.

Mai Modbus: Ni ma na janye. Ba zan sa RS-485 a bututun nan ba.

Hajiya Fayiba: Fayiba dai ko a jikinta.

Baba Injiniya: Kada ki yi saurin guɗa. A haƙa rami na biyu, a ba shi tazara. Kuɗin lebura bai kai kuɗin kan tasha da suwic biyu ba.

Ɗan bautar ƙasa: Baba, Alhaji ya shimfiɗa intalok a filin gaba ɗaya watan jiya. Ya ce ko tsinke kada a taɓa.

Baba Injiniya: Ta bayan katanga fa?

Hajiya Fayiba: Tagulla a bayan katanga, Baba?

Baba Injiniya: Yaro, gobe ka auno mini faɗin bututun nan, ka ɗauko hoton bakinsa. Kuma ka gaya wa Alhaji in fayiba za a sa, da sharaɗi: kan tasha ɗaya na ajiya a sito, shirin kuma a filashi cikin durowarsa, ba a kwamfutarka ba. Bautar ƙasarka watan nawa ta rage?

Ɗan bautar ƙasa: Huɗu, Baba.